Littattafan bincike da zullumi na Kirista da suka shiga takarar kyaututtuka: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan sun taru ne daga bakin mutane iri-iri: matasan coci da ke neman abin karantawa a lokacin hutu, iyaye da ke son sanin abin da 'ya'yansu suka ƙwallafa rai a kai, da abokai Musulmi da suka ari littafi ɗaya suka dawo neman na biyu. Harkar kanta ta Amurka ce da Ingila, can ake rubuta littattafan, can ake ba da kyaututtukan. Mu dai masu karatu ne, kuma mai karatu yana da ikon ya tambaya.

Wai me ake nufi da littafin bincike na Kirista?

Ƙagaggen labari ne da aka gina a kan laifi ko haɗari: an tsinci gawa, yarinya ta ɓace, wani yana bin sawun wata da dare. Bambancinsa da sauran irinsa shi ne marubucin yana kallon lamarin ta fuskar bangaskiyar Kirista. Ban da tambayar wanda ya aikata, yana kuma tambayar abin da laifin ya yi wa ran mai laifin, da ko wanda aka cuta zai iya gafartawa.

A Amurka sunan yana da wata ma'ana ta kasuwa. Akwai kamfanonin ɗab'i da suka keɓe kansu ga masu karatu Kirista: Bethany House da Revell, waɗanda ke ƙarƙashin Baker Publishing Group, Thomas Nelson da Zondervan, da ke hannun HarperCollins, sai Tyndale House a jihar Ilinoi. Littafin da ya fito daga ɗayansu galibi ba za ka tarar da ashar ko batsa a cikinsa ba. Wannan ƙa'idar kasuwa ce, ba ita ke mai da littafi mai kyau ba, kamar yadda za a gani a amsar da ke kan wa'azi.

Ina ganin kalmomi uku a jikin littattafan. Duk ba abu ɗaya ba ne?

Rukunin da ake ba kyauta a Turance ana rubuta shi Mystery/Suspense/Thriller, kuma da waɗannan kalmomi za ka nema a intanet. Na farko shi ne labarin bincike: an riga an yi ɓarnar, kai da mai binciken kuna bin diddigi har a gano wanda ya yi. Na biyu labarin zullumi ne: ɓarnar tana tafe, wani lokaci ma ka san mugun tun shafi na goma, abin da ke kaɗa maka hanta shi ne ko jarumar za ta tsira. Na uku labarin tsere da lokaci ne, inda haɗarin ya fi mutum ɗaya, ya shafi gari ko ƙasa, ana gudu ana harbi.

A aikace littafi ɗaya yakan haɗa biyu. Akwai kuma reshe mai kasuwa sosai da ke cakuɗa zullumi da soyayya, har kamfanin Harlequin ya ware masa jeri mai suna Love Inspired Suspense.

Ya dace Kirista ya zauna yana karanta labarin kisan kai don nishaɗi?

Wannan tambaya daga dattawa ta fi fitowa, kuma ba ta raini ba ce. Amsata ita ce mu buɗe Littafi Mai Tsarki. A Farawa sura 4 an yi kisa, an tambayi Kayinu ina ɗan'uwansa, ya yi musu, jinin Habila ya ba da shaida daga ƙasa. A 1 Sarakuna sura 3 mata biyu suna jayayya a kan jariri ɗaya, babu shaida ko guda, Sulemanu ya gano uwar ta hanyar gwada zuciyarta. A 2 Sama'ila sura 11 da 12 sarki ya shirya mutuwar Uriya ya rufe maganar, sai annabi Natan ya zo masa da labarin 'yar tunkiya, ya sa shi ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa.

Masu amfani da Littafi Mai Tsarki na Katolika suna da ƙarin labarai biyu a ƙarshen littafin Daniyel. A ɗaya, dattawa biyu sun yi wa Suzana ƙazafi, Daniyel ya raba su ya tambayi kowanne a gindin wace bishiya ya ga abin, bakinsu ya saɓa. A ɗayan, ya barbaɗa toka a daɓen haikalin gunki da dare, gari ya waye aka ga sawun firistocin da iyalansu da ke shigowa suna cinye hadayar. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma nuna hakan ba zunubi ba ne. Abin lura shi ne yadda aka ba da labarin: akwai marubucin da ke nuna mugunta don ka tsane ta, akwai mai nuna ta don ka ji daɗin kallo. Na biyun ajiye shi ya fi, ko da tambarin kyauta a goshinsa.

Daga ina wannan salon ya faro?

Daga Ingila. A 1910 G. K. Chesterton ya fito da Fada Brown, wani ɗan gajeren limamin Katolika mai yawo da tsohuwar laima, wanda kowa ke yi wa kallon marar wayo. Labarai 53 ya rubuta a kansa. Ya ɗauko siffarsa daga wani limami na gaske, John O'Connor, wanda ya ba shi mamaki da zurfin sanin muguntar ɗan Adam, sanin da ya samu daga sauraron masu furta zunubansu. Shi kansa Chesterton bai shiga ɗarikar Katolika ba sai 1922. Dabarar Fada Brown ba auna sawun takalmi ba ce. Yakan sa kansa a matsayin mai laifin, ya tambayi zuciyarsa a wane hali shi ma zai iya aikata haka. Ɓarawon da ya kama a labarin farko, Flambeau, daga baya ya tuba ya zama amininsa. A ganina duk abin da salon nan ke taƙama da shi yana cikin wannan dangantaka.

Bayansa akwai Dorothy L. Sayers, ɗiyar limamin Angilika, wadda littafinta na 1934, The Nine Tailors, ya kewaya ƙararrawar wani cocin ƙauye. Sai dai waɗannan ba su rubuta don wata kasuwar Kirista ba, kowa suke rubuta wa.

Kasuwar ta Amurka ta buɗe ne a 1986, lokacin da kamfanin Crossway ya buga This Present Darkness na Frank Peretti. Sunan daga Afisawa 6:12 aka ɗauko shi. Editan jarida da wani fasto a ƙaramin gari mai suna Ashton suna tono wata maƙarƙashiya, a samansu kuma mala'iku da aljanu suna gwabzawa. Ya sayu ƙwarai, masu ɗab'i suka gane cewa Kirista ma suna son labarin da zai hana su barci. A 1995 jerin Left Behind na Tim LaHaye da Jerry Jenkins ya biyo baya da labarin ƙarshen duniya.

Waɗanne kyaututtuka ake magana a kai?

Wadda ta fi suna ita ce Christy. An fara ba da ita a 2000, kuma an raɗa mata sunan littafin Catherine Marshall na 1967, labarin wata budurwa malamar makaranta a duwatsun Afalashiya, wanda ta gina a kan rayuwar mahaifiyarta. Tun 2017 ƙungiyar masu ɗab'in littattafan Kirista ta Amurka, ECPA, ke riƙe da ita. Ƙagaggun labarai kaɗai ake ba wa, rukuni-rukuni: na tarihi, na soyayya, na matasa, na sabon marubuci, da namu na bincike da zullumi.

Ta biyu ita ce Carol, ta ƙungiyar marubutan ƙagaggun labaran Kirista ta Amurka, ACFW. Da can ana kiranta littafin shekara kawai, sai a 2010 aka sa mata sunan Carol Johnson, editar Bethany House da ta karɓi littafin farko na Janette Oke, marubuciyar labaran Kirista, a lokacin da ba a ɗauki ƙagaggen labarin Kirista a bakin komai ba. Ƙungiyar tana da wata gasa dabam, Genesis, ta waɗanda ba a taɓa buga musu littafi ba. Ta uku ita ce Christian Book Award ta ECPA, wadda ta girme su duka, tun 1978, kuma a da ana kiranta Gold Medallion. Ita ta haɗa har da littattafan ibada da na nazari, a da ƙagaggen labari rukuni ɗaya ne a cikinta.

In an ce littafi ya shiga takara, ai bai ci ba ke nan. Me ya sa zan damu da shi?

Akwai matakai uku, kuma masu talla suna son cakuɗa su. Na farko shi ne a miƙa littafi, wanda kamfani ko marubuci ke yi da kansa bayan ya biya kuɗin shiga. Wannan ba yabo ba ne, kowa da kuɗinsa. Na biyu shi ne alƙalai su karanta su tace, su fitar da 'yan kaɗan da suka kai zagayen ƙarshe. A Christy yawanci uku ne a kowane rukuni. Na uku shi ne a zaɓi ɗaya. Idan ka ga an rubuta a bango cewa littafi ya shiga takara, nemi jerin shekarar a shafin masu kyautar ka tabbatar da mataki na biyu ake nufi.

Ni kam jerin 'yan zagayen ƙarshe ya fi mini amfani da sunan gwani. Tsakanin na ɗaya da na biyu sau da yawa ɗanɗanon alƙalan wannan shekarar ne kawai. Amma littafin da ya tsallake daga tarin da aka miƙa ya shiga ukun ƙarshe, to wasu masu karatu da dama sun yarda an ƙulla zarensa da kyau, an kuma tace rubutunsa. Ga wanda zai kashe kuɗi masu nauyi a kan littafi ɗaya, wannan tacewar ba ƙaramar riba ba ce. A lura kuma da shekara: littafin da aka buga a bana yakan ci kyautar baɗi, shi ya sa za ka ga shekaru biyu a amsar da ke biye.

To su wa zan fara da su?

Ya danganta da abin da ke kama ka. Mai son shari'a da kotu ya nemi Randy Singer, lauya ne kuma fasto a jihar Bajiniya, wanda Directed Verdict ɗinsa ya ci Christy a 2003, ko Robert Whitlow, shi ma lauya, da The Trial ya ci a 2001. Mai son labarin da zai juya masa ƙwaƙwalwa ya nemi Thr3e na Ted Dekker, wanda aka buga a 2003 ya ci a 2004: ɗalibin tauhidi ne wani ya kira a waya ya ba shi mintuna uku ya furta zunubinsa ko a tashi motarsa da bam. Dekker ɗan 'yan mishan ne da ya tashi a Indunusiya, kuma ba ya tsoron duhu a rubutunsa.

Steven James yana da jerin wani jami'in hukumar binciken laifuffuka ta Amurka, FBI, mai suna Patrick Bowers, mai gano mai laifi ta nazarin wuri da lokacin da aka yi ɓarna. Sunayen littattafan na kayan wasan dara na Turawa ne, kuma jerin ya ci Christy fiye da sau ɗaya. Athol Dickson ya ci a 2006 da River Rising, labarin da ke faruwa a fadamun Luwiziyana a shekarar babbar ambaliya ta 1927, wanda ya taɓo wariyar launin fata a cikin coci kanta. Jaime Jo Wright ta ci a 2018 da The House on Foster Hill, inda mata biyu da shekara ɗari ta raba suke tono asirin gida ɗaya.

A ɓangaren zullumi da soyayya akwai Dee Henderson da jerin O'Malley, marayu bakwai da suka haɗu a gidan marayu suka zaɓar wa kansu suna ɗaya suka zama dangi. Akwai Terri Blackstock, wadda ta shekara da shekaru tana rubuta labaran soyayya na kasuwar gama-gari kafin ta juyo nan. Kafin ka miƙa wa yaro ɗaya daga cikin waɗannan, dubi amsar da ke kan shekaru.

Tunda na Kirista ne, me zai hana jarumin ya yi addu'a Allah ya nuna masa mai laifin a mafarki?

Nan ne gizo ke saƙar. Labarin bincike alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu: zan ajiye maka duk alamu a fili, in ka kula za ka iya riga mai binciken ganowa. Idan a shafi na ƙarshe mala'ika ya sauko ya nuna mai laifi da yatsa, an ci amanarka. Abin sha'awa shi ne wanda ya rubuta wannan a matsayin doka limamin Katolika ne, Ronald Knox, a cikin dokoki goma da ya tsara wa marubutan labarin bincike a ƙarshen shekarun 1920. Doka ta biyu ta hana a warware laifi da wani iko na gaibu. Fada Brown ma haka yake: duk lokacin da mutane suka ce tsafi ne ko fatalwa, shi limamin ne ke cewa a'a, hannun mutum ne. A labarin farko ya gane limamin bogi ne saboda ya ji shi yana kushe hankali, abin da malamin tauhidi na gaske ba zai yi ba.

To ina addu'a take shiga? Tana shiga inda take shiga a rayuwa. 'Yar sandar da ta durƙusa a ɗakinta ba sunan mai kisa take samu ba, ƙarfin halin komawa aiki gobe take samu, ko ikon danne hannunta ranar da ta ritsa shi kuma ba mai gani. Uwar da aka kashe wa ɗa tana kokawa da umarnin gafara, wata rana ta iya, wata rana ta kasa. Wannan kokawar ita ce abin da littafin Kirista zai iya bayarwa wanda sauran sukan tsallake, domin su da zarar an sa ankwa labari ya ƙare.

Irin na Peretti wani reshe ne dabam, inda aljanu da mala'iku suke cikin 'yan wasan tun farko, don haka ba a yaudare ka ba. Na karanta This Present Darkness a makarantar kwana, kwafin da bangonsa ya yage aka naɗe shi da takardar kalanda, ana ba kowa kwana biyu. Da tocila na karanta a cikin bargo, kuma daren nan ko fitsari ban iya fita ba. Ya koya mana ɗaukar addu'a da muhimmanci, ina gode masa har yau. Amma na tuna wata guda bayan haka, in cokalin wani ya ɓace a ɗakin kwana sai a ce aikin aljanu ne a hau addu'a, alhali yaron gadon kusa ne ya ɗauka. Ƙagaggen labari ba littafin koyarwa ba ne, kuma babu wanda ya faɗa mana haka a lokacin.

Ba wa'azi ba ne kawai aka naɗe da labari?

Wasu haka suke, gaskiya. Za ka gane su da wuri: ana tsakiyar gudu, mugu yana bayan gida da bindiga, sai jarumi ya tsaya ya zuba shafi uku na bayanin ceto. Ko kuma duk Kiristan da ke ciki salihi ne, duk wanda ba ya zuwa coci abin zargi ne, har ka gane mai laifi ta hanyar duba wanda bai yi addu'ar cin abinci ba. Wannan ya kashe labarin, ya kuma yi wa bangaskiyar ƙarya, domin Littafin da muke karantawa bai ɓoye laifin Dauda ba.

Nan ne zagayen ƙarshe na gasa ke taimakawa, domin irin waɗannan ba safai suke kai wa can ba. A littafi mai kyau dattijon coci zai iya zama shi ne ɓarawon baitulmali, kuma ɗan sandan da ba ya salla ba ya zuwa coci ya zama shi ne mai gaskiyar.

Akwai waɗanda suka ci kyautar da ba ta Kirista ba?

Akwai, kuma wasu daga cikin mafiya kyau nan suke. Ordinary Grace na William Kent Krueger ya ci Edgar a 2014, babbar kyautar marubutan labarin bincike ta Amurka. Ɗan wani faston Metodis ne ke ba da labarin bazarar 1961 a wani gari na Minesota, shekarar da mutuwa ta yi ta zuwa har ta shigo gidansu. Julia Spencer-Fleming ta ci kyautar Agatha ta sabon marubuci da In the Bleak Midwinter na 2002, mai jaruma limamiyar coci wadda a da matuƙiyar jirgin soja ce. A Ingila, Ellis Peters ta rubuta jerin Cadfael, wani sufin Kirista mai haɗa magunguna a Shrewsbury na ƙarni na 12, tun daga 1977, kuma ɗaya daga ciki ya ci kyautar Silver Dagger a 1980.

Waɗannan ba su bi ƙa'idar kamfanonin da aka ambata a amsar farko ba, don haka za ka iya cin karo da kalma mai kaushi ko zunubin da ba a rufe shi da zane ba.

Ɗiyata tana da shekara 13. Zan iya ba ta?

Kada ki dogara da kalmar Kirista a bango. Rashin ashar da batsa ba ya nufin rashin jini. Littattafan Steven James da wasu na Dekker suna shiga cikin kan masu kisan jama'a, kuma akwai shafukan da babba ma zai ajiye ya sha ruwa. Na Wright da aka ambata ya taɓo fataucin mata. Ga 'yar shekara 13, gajerun labaran Fada Brown sun fi dacewa in Turancinta ya kai, domin Turancin tsohon yayi ne, ko kuma ki duba rukunin matasa na Christy. Mafi sauƙi shi ne ki karanta babi uku na farko da kanki.

Ni Musulmi ne. Zan ji daɗinsu, ko za su ɓata mini rai?

Mafi yawansu za ka karanta lafiya. Amana da cin amana, hakkin marayu, tuba, ranar da dubun azzalumi za ta cika, duk abubuwan da ka sani ne. Za ka tarar da addu'a da sunan Yesu da ayoyin Littafi Mai Tsarki, domin mutanen cikin labarin addininsu ke nan.

Amma akwai reshen da ba zan ɓoye maka ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 an yi ta rubuta labaran siyasa da leƙen asiri a Amurka, wasunsu a kasuwar Kirista, inda kusan duk Musulmin da ya bayyana ɗan ta'adda ne ko mai jiran a cece shi. Wanda ya tashi da maƙwabta Musulmi, ya ci naman layyarsu, suka ci shinkafar Kirsimetinsa, ya san wannan hoton ƙarya ne, kuma ni a matsayina na Kirista yana ba ni kunya. Karanta bayanin bayan littafi. In ka ga makaman nukiliya, Gabas ta Tsakiya da annabcin ƙarshen duniya a wuri ɗaya, ka san irin hanyar da za a bi. Labaran ƙaramin gari, na kotu da na asibiti ba su cika shiga wannan ba.

A ina zan same su, kuma da wane harshe?

Da Turanci ake rubuta su, da Turanci ake gasar. Tsofaffin kamar na Peretti da Dekker sukan faɗo a hannun masu sayar da littattafan gwanjo da shagunan littattafan Kirista a manyan birane. A duba shafukan ƙarshe kafin a biya, domin littafin bincike da ya rasa babin ƙarshe asara ce tsantsa. Sababbin sun fi sauƙin samu a waya ta Kindle, kuma yawanci ana ba da babin farko kyauta. Tarin farko na labaran Fada Brown ya fita daga haƙƙin mallaka, ana sauke shi kyauta a Project Gutenberg. In kuna da ƙungiyar matasa, ku haɗa kuɗi ku sayi uku na zagayen ƙarshe na shekara ɗaya, ku karanta, ku yi naku alƙalancin kafin ku duba wanda ya ci.

Ina so in rubuta irin wannan da Hausa. Ta ina zan fara?

Fara da cire Christy daga ranka, domin an gina ta ne a kan kasuwar Turanci ta Amurka, kuma in ka rubuta don alƙalanta za ka ƙare da jami'in FBI a Kafanchan. Abin ɗauka daga gare su sana'ar ce: san mai laifinka da dalilinsa kafin ka rubuta layi na farko, ajiye alamu uku ko huɗu a fili inda ido zai wuce su, ba kowane wanda ake zargi wani sirri na kansa da yake ɓoyewa, kuma kada ka warware da mafarki, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ke kan addu'a.

Sannan ka dubi abin da ke gabanka. Kuɗin ginin coci sun ɓace daren bikin godiya na kaka, mabuɗin akwati yana hannun mutum uku, ɗayansu surukin fasto ne. Shugabar zumuntar mata ta lura cewa ambulan ɗin da aka tsinta a bayan ɗakin taro da irin ɗaurin wata mata aka ɗaure shi, matar da ta san ɗanta yana kwance a asibiti. Maigadin, Musulmi ne da ya shekara 20 a ƙofar, shi aka fara kamawa don shi ne marar gata, kuma ya ga wanda ya fita amma ya ƙi faɗa. Shugabar nan tana da kwana biyu kafin a kai shi kotu. Ta san gaskiya tun babi na tara. Sauran babi shida na abin da za ta yi da ita ne, da wanda za ta fara ƙwanƙwasa wa ƙofa.